Tiyar saye daban, tiyar sayarwa daban: ina Kirista mai awo zai tsaya?

Ɗan Awo, Katsina:

Salama gare ku 'yan'uwa. Akwai tambayar da ta hana ni sakat, na kuma gwammace in kawo ta nan inda ba a san fuskata ba, domin in na tayar da ita a majami'armu kowa zai gane da wa nake.

Ni mutumin ƙasar Malumfashi ne, amma a birnin Katsina nake neman abinci. Awo nake yi: masara, dawa, gero, wake, wani lokaci waken suya. Rumfar ta kawuna ce, yayan mahaifiyata. Shi ya ɗauko ni daga ƙauye bayan na gama sakandare, ya koya mini sana'ar, ya yi mini aure. Yanzu mun haɗa jari, kashi biyu nasa, ɗaya nawa. Na faɗi wannan tun farko ne don kada wani ya ce mini in rabu da shi kawai. Ba ni da uban da ya wuce shi a garin nan.

Ga yadda sana'ar take, ga wanda bai sani ba. Da kaka muna gangarawa kudu, wajen Bakori, Funtua, Dandume da ƙananan kasuwannin ƙauye. Wani kayan buhu-buhu muke saye ta hannun dillali, a ba shi la'adarsa. Amma inda ribar take shi ne bakin hanyar shiga kasuwa, inda mata da yara da ƙananan manoma ke kawo tiya biyar, tiya goma, a ƙullin zane ko a tsohon buhun taki. Nan muke shimfiɗa, mu auna, mu biya, mu yi ta tarawa har buhu ya cika. Tiyar da muke zuwa da ita can babba ce, ta sha aiki bakinta ya buɗe. Ana cika ta har da tsororuwa, mai awo ya kare da hannun hagu kada ta zube, abin da ya tsaya a jikin hannun ma buhu zai shiga. Idan muka dawo Katsina, wata tiyar ce ke kan tarin hatsi. Da ido ba za ka raba su ba, fenti ɗaya, zane ɗaya. Sai ka kifa ta sannan za ka ga gindin ya ɗan lotsa ciki. Buhun da muka cika da tiya 40 a ƙauye, a nan yakan ba mu 44, wani lokaci har 45.

Kwanan baya a sujadar safe aka karanta Maimaitawar Shari'a 25:13-16. Kada a sami ma'aunin nauyi iri biyu a jakarka, babba da ƙarami. Kada a sami mudu iri biyu a gidanka, babba da ƙarami. Wurin ya ƙare da cewa duk mai yin haka abin ƙyama ne ga Ubangiji. Fasto ma ba kan kasuwa ya yi wa'azin ba, kan nuna bambanci tsakanin mutane ya yi, amma ni ban ƙara jin komai ba daga nan. Tamu ɗaya tana cikin buhun tafiya, ɗaya tana rumfa.

Na yi wa kawu maganar. Bai yi fushi ba, takarda ya ɗauko ya shiga lissafa mini. Kuɗin mota, wanda tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 bai ƙara komawa yadda yake ba. Kuɗin 'yan dako wajen lodi da wajen saukewa. Kuɗin buhu da ɗinki. Harajin kasuwa, da abin da ake miƙawa a shingayen hanya. Tsakuwa da ƙaiƙayin da ke fita in an sheƙe, da abin da ɓera da ƙwari ke ci a sito. Ya ja layi ya ce, tiya huɗun nan da kake ƙyama su ne tuwon gidana da naka. Ya ce in ka kawo cikakkiyar tiya dole ka ƙara kuɗi, mai saye kuwa "nawa tiya?" take tambaya, ba ta tambayar "wace tiya?", tana jin kuɗinka ya ɗara na maƙwabci za ta wuce. Maganarsa ta ƙarshe ita ce ta fi ɗaure mini kai. Ya ce kowa ya san awon ƙauye daban, awon birni daban, abin da kowa ya sani kuwa ba cuta ba ne.

Kuma ku sani kawuna ba mugun mutum ba ne. Marayu biyu na ƙanensa shi ke biya musu makaranta. Ranar Lahadi rumfarmu a rufe take, alhali manyan kasuwanni irin su Jibiya da Mai'aduwa ranar suke ci, ya san abin da yake asara.

Sai abu na biyu, ko da yake bai kai na farko damuna ba. Mukan ajiye wani kason hatsi daga kaka har zuwa tsakiyar damina lokacin da ya yi tsada. Wani ɗan'uwa ya taɓa jefa mini Karin Magana 11:26, cewa mai ɓoye hatsi jama'a za su la'anta shi. Shin ajiyar da muke yi tana ciki?

Kaka ta gabato, za mu fara shiga ƙauye. Ina roƙon wanda ya san Littafi, ya kuma san kasuwa, ya ba ni amsa. Addu'a ina yi, abin da zan yi da hannuna nake tambaya.

Tsohon Mai Bishara, ƙasar Ƙafur:

Ɗana, sannu da ƙoƙari. Jikana ne ke rubuta mini a waya, don haka ka yi haƙuri in maganar ta yi tsawo, bakin tsoho ne.

Wurin da ka ji an karanta ba shi kaɗai ba ne. Ka duba Littafin Firistoci 19:35-36, da Karin Magana 11:1, 16:11, 20:10 da 20:23, da Mika 6:10-11. Abu kaɗan ne na kasuwa Allah ya yi ta maimaitawa haka. A zamanin Ibrahim da Musa ba a buga kuɗi irin namu ba tukuna, azurfa ake aunawa. Da Ibrahim ya sayi kogon Makfela don binne Saratu, auna wa Efron shekel 400 na azurfa ya yi, bisa ga ma'aunin da 'yan kasuwa suka yarda da shi, yana nan a Farawa 23:16. To, ɗan kasuwa yakan riƙe duwatsun awo a jaka. Mai son zamba sai ya riƙe biyu, mai nauyi in zai karɓa, marar nauyi in zai bayar. Ka ga babu abin da ya raba wannan jakar da buhun tafiyarku.

Wanda nake so ka zauna ka karanta a natse shi ne Amos sura 8, daga aya 4 zuwa 6. Amos makiyayi ne daga Tekowa a ƙasar Yahuza, Allah ya aike shi mulkin arewa na Isra'ila a zamanin Sarki Yerobowam na biyu, wajen shekara 750 kafin haihuwar Almasihu, lokacin da ƙasar ke cikin wadata. Masu sayar da hatsi yake wa magana. Ya ce suna ƙanƙantar da mudu, suna ƙara nauyin ma'aunin kuɗi, suna sayar da sharar alkama a matsayin alkama, har su sayi matalauci a bakin takalmi. Amma ka lura da abin da ya fara faɗa a kansu. Suna cewa yaushe Asabar za ta wuce mu buɗe hatsi. Wato rumfunansu a rufe suke ranar sujada. Masu zuwa ɗakin ibada ne, ba arna ba. Na yarda da kai cewa kawunka mutumin kirki ne, Allah kuma ba ya manta marayun da yake riƙo. Sai dai rufe rumfa ranar Lahadi bai gyara tiyar Litinin ba, Amos ya riga ya rufe wannan ƙofar.

A maganar kawunka akwai gaskiya, kada ka zubar da ita duka. Idan kasuwar wani gari tana da tiyarta da sarkin kasuwa da masu awo suka tsayar, kowa da ita yake saye da ita yake sayarwa, wani garin kuma yana da tasa, babu laifi ka saya da waccan ka sayar da wannan. Amma ba wannan ka bayyana mana ba. Ka ce fenti ɗaya, zane ɗaya. In da gaske kowa ya sani, me ya sa ake wahalar sa su yi kama? Wa ya bugi gindin tiyar, da rana ya buga a gaban masu saye ko kuwa a bayan sito? Ka tambayi kanka kuma, kawunka zai yarda a yi musaya, a tafi ƙauye da ta rumfa, a bar ta ƙauye a rumfa?

Littafi bai hana riba ba. Macen kirki ta Karin Magana 31 tana saƙa tana sayarwa, tana lura cinikinta yana kawo riba. Lidiya, wadda ta karɓi Bulus a Filibi, fataucin tufafin shunayya take yi. Duk abin da kawunka ya lissafa a takarda hakkinku ne ku fitar, har da ladan wahalarku a kai. Amma ku fitar da shi a farashi. Farashi da baki ake faɗarsa, mai saye ta ce a rage mata, ka ce albarka, ko ka sallama, kowa idonsa biyu. Abin da aka ɓoye a gindin tiya kuwa ba a ba ta damar tayawa ba, an ɗauka ne kawai. A sura 19 ɗin nan ta Firistoci da aka yi maganar mudu, a cikinta aka ce ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka, a cikinta aka ce kada ka kwana da hakkin ɗan ƙwadago, a cikinta aka ce a bar wa matalauci kalar gona. Allah bai ware kasuwa gefe guda ba.

Ba zan yi maka alkawarin da Allah bai yi ba. Wasu masu wa'azi za su ce ka gyara tiya yau, gobe rumfarka ta cika. Mai yiwuwa ne masu saye su ragu, mai yiwuwa shekarar farko ka sha wuya. Asaf a Zabura 73 ya ga masu zamba suna ƙiba har ƙafarsa ta kusa zamewa. Ka shiga da sanin haka.

Game da kawunka, 1 Timoti 5:1 ta ce kada a tsauta wa dattijo, a roƙe shi kamar uba. Kada ka fara da kai shi gaban dattawan ikilisiya, kada kuma ka yi masa maganar a rumfa yaran shago suna ji. Ka same shi a gida.

Maganar ajiya zan dawo kanta, yaron ya gaji.

Maman Ƙosai, Daura:

Ɗan'uwa, ni ce wadda kawunka ya ce "nawa tiya?" kaɗai take tambaya. Bari in gaya maka abin da ba ma faɗa a gaban rumfa: mun sani.

Ƙosai nake soyawa da safe, da shi nake riƙe da yara. Kullum wake nake jiƙawa, in surfe, in kai inji. Na san inda tiya ɗaya take kawowa a jikin robata, akwai wani tabo a gefe, nan cikakkiya take tsayawa. Ranar da ruwa ya rufe wake bai kai tabon ba, tun kafin in ɗora kasko na san cinikin ranar ya ragu, ga mai da itace da kuɗin niƙa ba su ragu ba. Ba wayo kuka fi mu ba. Abin da ya sa muke shiru, yawancinmu bashi muke ɗauka, mu soya mu kawo kuɗi da yamma. Wadda ake bi bashi ina ta ga bakin cewa a sake awo? In ta yi magana gobe a ce mata babu. Don haka ka daina kwantar da hankalinka da cewa mun yarda. Haƙuri muka yi.

Amma ni ba kaina na fi ji ba. Matan nan masu ƙullin zane da ka ambata, haka mahaifiyata take yi har ƙarfinta ya ƙare. Ba don hatsi ya yi mata yawa take kaiwa ba, sai don an tashi da yaro ba lafiya, ko mai taki ya matsa, ko biki ya taso. Ta sayar da arha da babbar tiya, ana kare tsororuwa da hannu tana kallo. Watan Yuli rumbu ya ƙare, ta dawo ta sayi hatsin da tsada da ƙaramar tiya. Mace ɗaya, an yanke ta wajen shiga, an yanke ta wajen fita. Ka ce tiya huɗu ne a buhu. A gidan da ake auna tuwon dare da gwangwani, ka san kwana nawa ke cikin tiya huɗu?

Tun da Baba ya kawo maganar sharar alkama, ni ma ina da tawa. Masu zuba wa wake maganin feshin gona don kada ƙwari su ci, su ji tsoron Allah. Kana buɗe buhu warin zai buge ka, ka wanke sau nawa bai fita ba, kuma yara ne ke cin ƙosan nan kafin su tafi makaranta. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda irin wannan magani, a rediyo aka yi ta faɗa, hukumar NAFDAC ma ta sha yin gargaɗi. Abin da Bature ya ƙi ci shi ake auna mana. Alhali ga buhun PICS mai ninki uku, leda biyu a ciki, buhu a waje, in an ɗaure da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin su mutu da kansu ba a sa komai ba. Ban ce kuna yi ba, ban san rumfarku ba. In kuna yi, wannan ka fara bari tun kafin tiya.

Matashin Ɗan Kasuwa:

Ina girmama Baba da Mama, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tiya biyu ban kare ta ba. Sai dai a daina yi kamar mai sayarwa ne kaɗai mai zunubi a kasuwa. Karin Magana 20:14 ma tana nan: mai saye yana ta kushe kaya, ba kyau, ba kyau, in ya tafi sai ya shiga fahariya ya yi arha. Manomi nawa ne ke zuba yashi da tsakuwa a gindin buhu, ko ya yayyafa wa masara ruwa ta yi nauyi? Masu ɗaukar bashi su sauya layi fa?

Ajiya kuwa ban ga laifinta ba ko kaɗan. Yusufu ya tara hatsi shekara bakwai ya sayar, ba kyauta ya raba ba. Kuma ajiya caca ce da jarinka. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafa na kwana 150. Waɗanda suka cika sito da tsada a kakar shekarar, da 2025 ta shigo farashi ya yi ta sauka, wasu ko uwar kuɗinsu ba su mayar ba. Wa ya yi musu jaje? In an ci riba a ce mugunta, in an faɗi a ce ƙaddara.

Tsohon Mai Bishara, ƙasar Ƙafur:

Ɗana matashi, ka yi gaskiya a kan mai saye da manomi, ayar da ka kawo ma daidai take. Sai dai yashin da manomi ya zuba maka ba Maman Ƙosai ce ta zuba ba, bai kamata a fanshe a kanta ba.

Ajiya ita kanta ba zunubi ba ce. Kowane gidan Bahaushe da rumbu aka san shi, Karin Magana 6 ma ta tura rago wurin tururuwa ya koyi tanadi. In babu masu saye da kaka su ajiye, hatsi zai zube ƙasa warwas manomi ya rasa mai saye, da damina kuma a nema a rasa. Wanda ya sa kuɗinsa, ya biya hayar sito, ya ɗauki kasadar ƙwari da faɗuwar farashi, ya ci ribarsa da halal. Karin Magana 11:26 ba ta la'anci mai rumbu ba. Rabinta na biyu ya ce albarka tana kan wanda ya fito da shi ya sayar. Wanda ake nufi shi ne mai riƙewa lokacin da mutane ke nema. Alamarsa ba ta da wuya: sito cike ya ce babu, ko su haɗa baki su biyar su shida kada kowa ya fitar sai ya kai kaza, ko ya ji ruwa ya ɗauke a watan Agusta zuciyarsa ta yi fari. Kun ji abin da ya faru a Fabrairun 2024, lokacin da hukumar yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano ta rufe wasu rumbunan ajiya a wajen Dawanau bisa zargin ɓoye abinci, mutane kuwa suna kuka da yunwa.

Yusufu da ka ambata, ka karanta shi har ƙarshe. Kashi ɗaya cikin biyar ya tara a shekarun ƙoshi domin ceton rai, kuma Farawa 41:56 ta ce da yunwa ta game ƙasa sai ya buɗe rumbunan. Bai jira ta ƙara tsanani ba. Sura 47 kuma ta ba da labarin yadda Masarawa suka ƙare da ba da dabbobinsu, da gonakinsu, da kansu ga Fir'auna. Littafi ya faɗi abin da ya faru ne a wurin, bai ce ɗan kasuwa ya ɗauke shi abin koyi ba.

Abin da na fi jin tsoro a ƙauyukanmu ma wani ne daban: a ba mutum buhu ɗaya da damina, a karɓi biyu da kaka. Firistoci 25:37 ta hana ba ɗan'uwa abinci don a ci riba a kansa, Nehemiya kuma a sura 5 ya tara manyan Yahudawa ya sa suka mayar da gonakin da suka karɓe ta irin wannan hanya. Na ga gonar gado ta fita daga hannun gida saboda buhu uku na dawa, kuma mai bayarwa da mai karɓa a benci ɗaya suke zama ranar Lahadi.

Maƙwabci, Katsina:

Ni Musulmi ne, abokin aikina ya nuna mini wannan zance, ku yi mini izini in sa baki kaɗan. Abin da Baba ya faɗa haka yake a wurinmu. Sura ta 83 a Alƙur'ani, Muɗaffifina, da azabar masu tauye mudu ta buɗe, waɗanda in za su karɓa sai an cika musu, in za su ba wasu sai su rage. Mutanen Madyana da aka aiko musu Annabi Shu'aibu (AS) wannan yana cikin laifinsu. Akwai kuma hadisin da Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin hatsi ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Don haka, ɗan'uwa, in ka gyara, kada ka ɗauka kai kaɗai ne a layinku, akwai masu jin nauyin abin ta ɓangarenmu. Shawarata ka nemi sikeli. Masu gidan abinci da masu sayen na makarantun kwana sun fi son kilo, don ba a kare shi da hannu.

Ɗan Awo, Katsina:

Na gode muku duka. Baba, Allah ya ƙara lafiya, a gaishe da jikan da ya sha rubutu. Mama, maganarki ta fi kowacce yi mini zafi, domin akwai masu ƙosai da masu waina da ke ɗaukar bashi a wurinmu, kuma ban taɓa kawo wa raina dalilin shirunsu ba. Maganin feshi ba ma sawa a wake, kawu ya hana tun da daɗewa, wannan kam zan faɗa don a ba shi hakkinsa.

Na sami kawu a gida bayan cin abincin dare. Ban buɗe masa Littafi ba, ya fi ni sanin inda ayoyin suke. Na ce masa ina neman alfarma ne a matsayin ɗa, ba zan iya ƙara riƙe tiyar rumfa ba. Na yi masa tambayar Baba ta musayar tiya. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, to, ka girma. Ban san ko yabo ne ko fushi ba. Abin da muka tsayar shi ne, kasona na bana zan juya shi da kaina a gefen rumfar, da tiya ɗaya wajen saye da wajen sayarwa, riba tawa, faɗuwa tawa, in damina ta wuce mu zauna mu duba littafi. Shi bai ce zai sauya tasa ba, ni ma ban matsa ba.

Na sayi sabuwar tiya, na kai an auna abin da take ɗauka a sikeli, na rubuta a jikin bango inda mai saye zai gani. Sikelin kansa sai na tara kuɗi, Maƙwabci, amma na riƙe shawarar. Abin da kawu ya faɗa kuwa ya fara tabbata. Kuɗina ya ɗara na layi, mutane suna tambaya su wuce. Wata tsohuwa ce ta tsaya ta juya tiyar ta duba gindinta, ta ce a auna mata biyu, ba ta ƙara cewa komai ba.

Yanzu wata sabuwar matsala ta taso da ban hango ba. In mai saye ya ce me ya sa naka ya fi tsada, na ce tiyata cikakkiya ce, to na zagi duk layin ke nan, har da kawuna da ke zaune kusa da ni yana ji. Wani maƙwabcin rumfa ya riga ya ce mini, mu ɓarayi ne ke nan? In kuma na yi shiru, ba wanda zai san dalilin ƙarin. A yanzu dai cewa nake yi, ga nauyinta can a rubuce, ka auna a gida. Ko akwai wanda ya san yadda ake faɗar wannan ba tare da an tozarta kowa ba?

Baba, akwai kuma wadda ta fi wannan nauyi. Zakka, mai karɓar haraji da ke cikin littafin Luka, ya ce zai mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu, Firistoci sura 6 kuma ta ce a mayar da abin a ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Masu ƙosan da ke saye a wurinmu na san su, zan iya yi musu gyara a hankali har in rage abin da ke kaina. Amma matan bakin hanyar kasuwannin ƙauye, shekara da shekaru, ban san sunan ko ɗaya ba, wasu ma ƙauyukansu sun tashi saboda 'yan bindiga. Su ta yaya ake mayar musu? Ina jiran amsarka kafin mu fita saye, don sabuwar masara ta fara shigowa.